George Ekem Ferguson (1864–1897): Ɗan Fante Da Ya Zaga Arewa Da Takarda Da Tuta

A wannan makon filinmu na tarihin magabata zai waiwayi rayuwar wani mutum da sunansa ba ya cika fitowa a hirar kasuwa, alhali kuwa aikinsa ya shafi duk mai loda albasa a Bawku, da mai sayen doya a Salaga, da mai ratsa Yendi zuwa Tatale don ya tsallaka Togo. Wannan mutum shi ne George Ekem Ferguson, ma'aikacin gwamnatin Turawan Ingila a zamanin da ake kiran ƙasar nan Gwalkwas. Shi ne ya bi sarakunan Arewa ɗaya bayan ɗaya yana ƙulla yarjejeniya da su, kuma takardunsa da taswirorinsa suna cikin abin da Ingila ta riƙe a matsayin hujja a lokacin da ake rabon ƙasa tsakaninta da Faransa da Jamus. Ya yi imani cewa sanin ƙasa da rubutacciyar yarjejeniya za su kawo zaman lafiya a hanyoyin fatauci. Rayuwarsa da mutuwarsa sun nuna iyakar wannan tunani.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Ferguson a garin Anomabu da ke bakin teku a ƙasar Fante, a ranar 14 ga watan Yuli na shekarar 1864. 'Yan'uwansa suna kiransa Ekow Atta, domin tagwaye aka haife su. Kakansa na wajen uba likita ne da ya zo daga ƙasar Sikotilan, daga wurinsa ne zuriyar ta gaji sunan Ferguson. Ya fara karatu a Cape Coast, daga nan aka tura shi makarantar sakandare ta 'yan mishan a birnin Firitawun na ƙasar Saliyo, inda ya yi fice a lissafi da sanin ƙasa. Da ya dawo gida ya ɗan taɓa aikin koyarwa, sannan a shekarar 1881 ya shiga aikin gwamnati a matsayin akawu, yana ɗan shekara 17.

Tun yana akawu aka lura hannunsa ya iya zanen taswira. A shekarar 1884 ya zana taswirar da ke nuna ƙabilun Gwalkwas da inda kowace take zaune, a 1886 kuma ya yi aiki tare da ayarin da ke shata iyaka tsakanin Ingila da Jamus ta ɓangaren kudu. Wannan ya sa a shekarar 1889 ya tafi Landan, inda ya yi karatu a makarantar koyon ilmin ma'adinai, ya koyi aikin safiyo, da sanin duwatsu, da yadda ake duban taurari a gane inda mutum yake a bayan ƙasa. Ya dawo a 1890 da sakamako mai daraja ta ɗaya.

A wancan zamani babu wata jami'a da ke koyar da ilmin hulɗar ƙasa da ƙasa a matsayin fanni mai zaman kansa. Sai a shekarar 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka fara buɗe kujerar farfesa ta wannan fanni a garin Aberystwyth na Birtaniya. Amma kayan aikin fannin, wato taswira da iyaka da yarjejeniya da ƙiyasin ƙarfin abokin gaba, Ferguson ya koye su, kuma a daji ya gwada su.

Hanyar Gwanja kafin zuwan Turawa

Kafin a fahimci aikinsa sai an san yadda tsaron hanya yake a da. Fataken Hausa suna tasowa daga Kano ko Sakkwato ko Jega da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Jugu ko Sansanin Mango, su sauka Yendi, sannan su isa Salaga. Wasu kuma sukan gangaro daga ƙasar Moshi da shanu da tumaki, su biyo ta Bawku da Gambaga. A Salaga ake haɗuwa da goron Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa. A wannan kasuwa kuma ake cinikin bayi masu yawa, abin da har gobe yake tabo a tarihin garin.

Tafiyar takan ɗauki watanni, kuma babu gwamnati ɗaya da ke riƙe da hanyar daga farko zuwa ƙarshe. Saboda haka madugu shi ne jakadan ayari. Shi ya san sarkin da za a gaisar da abin da za a ba shi, ya san inda ake biyan kuɗin fito, da dajin da ba a kwana a cikinsa. Sarki yana karɓar haraji, shi kuma ya tabbatar ba a taɓa fatake a ƙasarsa ba, domin ya san idan aka taɓa su, baɗi ayari zai sauya hanya, aljihunsa ya bushe. A zango kuma maigida ke saukar da baƙo, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa a kan bashi. Kowa yana cin moriyar kowa, wannan ne ya riƙe hanyar shekaru aru-aru.

A sama da wannan duka akwai ƙarfin Asante, wanda Gwanja da Dagwamba ke kai wa gaisuwa. A shekarar 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi suka ƙone ta. Da labari ya iso Arewa sai Salaga ta yi wa Asante tawaye, aka kashe Tonawa da dama da ke zaune a garin. Daga nan goro ya fara komawa kasuwar Kintampo, Salaga ta soma ja da baya. Babban bango ya tsage ke nan, masu neman shiga kuwa suna da yawa: mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu suna kai hare-hare a ƙasar Gurunshi, rundunar Samori Ture tana matsowa daga yamma, ga kuma Turawa.

Turawa uku a kan ƙasa ɗaya

A taron Balin na 1884 zuwa 1885 ƙasashen Turai suka shimfiɗa wa kansu ƙa'idojin mallakar ƙasa a gaɓar tekun Afirka, don kada su yaƙi juna a kanta. Babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Bayan taron kowace ƙasa ta riƙa da'awar cewa ƙasar da ke bayan gaɓar da ta riƙe tata ce. Matsalar ita ce Ingila tana Gwalkwas, Jamus tana Togo, Faransa tana Kodebuwa da Dahome kuma tana gangarowa daga Kogin Kwara na sama, kuma dukkansu idan suka duba bayansu wuri ɗaya suke hange: Salaga da Yendi da Gambaga da Wagadugu. A shekarar 1888 kaɗai, Bajamushe von François ya ratsa Salaga da Yendi da Gambaga, Bafaranshe Binger shi ma ya sauka a Salaga.

A wannan shekarar ce Ingila da Jamus suka amince da wata dabara da masana tsaro suka daɗe da sani, wato a bar fili tsakanin ƙarfafa biyu don kada su yi gogayya. Suka ware wani yanki daga inda Kogin Daka ya faɗa cikin Volta zuwa layi na 10 a ma'aunin taswira, suka ce yankin ba-ruwan-kowa ne, babu wadda za ta mallake shi a cikinsu. Salaga da Yendi duka suna cikin wannan yanki. Su waɗannan layuka masu zanen taswira ne suka ƙirƙiro su, suna ƙirgawa daga tsakiyar duniya zuwa arewa, kuma tsakanin layi ɗaya da mai bi masa akwai kimanin kilomita 111. Ba a ganin su a ƙasa, sai mai na'urar auna rana da taurari ne zai iya cewa ga inda suka bi. Irin wannan mutum Ingila ke nema, kuma tana da shi a ofishin gwamna a Akra.

Yarjejeniyar ba-ruwan-kowa tana da rami biyu. Na farko, Faransa ba ta cikinta, saboda haka ba ta ɗaure ta ba. Na biyu, ba a tambayi Ya Na na Yendi ko sarkin Kpembe mai riƙe da Salaga ba, balle fataken da ke zaune a zango.

Tafiye-tafiyensa

Aikin farko da aka ba Ferguson bayan dawowarsa daga Landan shi ne zuwa Atebubu, garin da ke tsoron Asante za ta sake mamaye shi. A watan Nuwamba na 1890 ya ƙulla yarjejeniyar da ta sa garin ƙarƙashin kariyar Ingila. Gwamnati ta ga cewa wannan matashi zai iya shiga inda Bature zai ja hankali, da kuɗi kaɗan da rakiya kaɗan, kuma ya dawo da taswira da rahoto.

A shekarar 1892 aka tura shi Arewa. Ya ƙulla yarjejeniya da Bole da Daboya da Bimbila, da kuma Yendi a zamanin Ya Na Andani. Takardun iri ɗaya ne: abota da 'yancin ciniki tsakanin ɓangarorin biyu, da alkawarin cewa sarki ba zai ba wata ƙasar Turai ƙasarsa ba, ba kuma zai shiga ƙarƙashin kariyarta ba, sai da yardar Ingila. Bayan an sa hannu sai a bar wa sarki tutar Ingila. A nan ne gizo ke saƙa. Takardar ta ɗaure hannun sarki game da sauran Turawa, amma ba ta ajiye masa soja ko ɗaya a ƙofar gari ba. Ga sarki, wannan baƙo ne mai ƙarfi da ya zo neman abota da hanyar ciniki, kamar yadda aka saba. Ga ofishin da ke Landan kuwa, takarda ce da za a ɗora a kan tebur a gaban jakadan Faransa ko na Jamus.

A ƙarshen wannan shekara ta 1892 yaƙin basasa ya ɓarke a Salaga. Kabachewura Isifa, da taimakon mayaƙan Dagwamba da Nanumba, ya kori Kpembewura Napo daga sarauta. Aka washe garin, fatake da malamai suka watse zuwa Kete Karachi da Yeji da Kintampo da sauran wurare. Cikin waɗanda suka bar garin har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zama limamin Kete Karachi, wanda ya yi waƙoƙi a kan wannan yaƙi da kuma zuwan Nasara, ya rasu a 1934. Ingila da Jamus, da suka ce yankin ba ruwan kowa, da gaske kuwa ba su ɗaga yatsa ba. Kasuwar da ta ciyar da Kano da goro shekaru masu yawa ta mutu a cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta sake komawa yadda take ba.

Tafiyarsa mafi tsawo ita ce ta shekarar 1894, bayan ya raka rundunar Kanar Francis Scott zuwa Atebubu. Cikin wata shida ya zagaye kusan duk Arewa da ƙafa da doki. A watan Afrilu ya ƙulla yarjejeniya da Buna, a watan Mayu da Wa da kuma Mamprusi, a ranar 2 ga Yuli da Mogho Naba Wobgo a Wagadugu, a watan Agusta da Sansanin Mango, sannan a watan Satumba ya sauka Salaga, ya sa hannu da sababbin masu mulki a garin da ya zama kufai. A wannan shekarar ƙungiyar masana ƙasa ta Landan ta ba shi lambar yabo saboda taswirorinsa.

Rahotannin da ya riƙa aikawa sun ƙunshi hanyoyin ayari, da nisan zango zuwa zango, da kayan da ake saye da sayarwa, da ƙarfin kowane sarki, da wanda ke kai wa wani gaisuwa. Ya yi ta matsa wa gwamnati cewa ta yi sauri ta riƙe Arewa, domin idan Faransa da Jamus suka tare hanyoyin, kasuwannin bakin teku za su rasa shanu da fatake. A cikin rahotannin ya kasa mutanen Arewa gida biyu: masu sarauta mai tsari kamar Gwanja da Dagwamba da Mamprusi da Moshi, da kuma waɗanda ke zaune gida-gida ba tare da babban sarki ba, waɗanda ya yi wa kallon raini irin na zamaninsa. Da manyan sarakuna ya fi ƙulla yarjejeniya, aka kuma ɗauka cewa sa hannunsu ya haɗa da duk al'ummomin da suke da'awar suna ƙarƙashinsu.

Shekarar da aka gwada takardun

Sauran Turawa ba su karɓi takardun hannu biyu ba. Jamus ta yi ƙorafin cewa an raba tutocin Ingila a cikin yankin ba-ruwan-kowa. Faransa ta yi ta sukar ingancinsu, musamman ta Wagadugu, ta kuma tura nata jami'an suna bin sawunsa suna ƙulla tasu yarjejeniyar, har ya zama wani sarkin yana da takarda biyu ko uku da tuta biyu ko uku a ɗaka. Sarakunan ba wawaye ba ne, suna neman wanda zai fi amfanar su ne, suna kuma jinkirta ranar da za a tilasta musu zaɓe.

Wannan rana ta zo a shekarar 1896. A watan Janairu sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya. A watan Satumba Faransawa ƙarƙashin Voulet suka afka wa Wagadugu, Mogho Naba Wobgo ya gudu, yarjejeniyarsa da Ferguson ba ta tare masa harsashi ko ɗaya ba. Daga baya ya ƙare rayuwarsa a gudun hijira a Zongoiri, ta yammacin ƙasar Bawku, inda ya rasu a 1904. A watan Disamba kuma rundunar Jamusawa ƙarƙashin Dokta Gruner ta nufi Sansanin Mango ta cikin ƙasar Dagwamba. Mayaƙan Ya Na Andani suka tare ta a Adibo, kudu da Yendi. Dagwambawa suna riƙe da bindigogin toka, Jamusawa suna da bindigogin zamani, domin tun a 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burasal cewa za a taƙaita sayar wa 'yan Afirka makaman zamani. Ɗaruruwan mayaƙa suka kwanta dama, aka ƙone Yendi, garin da yake cikin yankin ba-ruwan-kowa, yake kuma da takardar abota da Ingila.

Daga nan kowa ya gane cewa takarda ba ta da nauyi sai idan akwai soja a tsaye a kanta. Ingila ta fara gaggawar tura ƙananan rundunoni. Kyaftin Donald Stewart ya isa Gambaga a ƙarshen 1896, a farkon 1897 kuma ya yi ido da ido da Voulet a Tenkodogo, kowa yana da'awar wurin nasa ne, suka rabu ba tare da harbi ba, suka bar wa manyansu na Turai hukunci. Wata rundunar kuma aka tura ta yamma ƙarƙashin Laftanar Francis Henderson, aka haɗa shi da Ferguson a matsayin masanin ƙasa da sarakunanta.

Dokita da Wa

A yamma abokin karawar ba Bature ba ne. Samori Ture, wanda Faransawa suka koro daga ƙasarsa ta asali, ya kafa sabuwar daula a arewacin Kodebuwa ta yau, ɗansa Sarankye Mori kuma ya ci Buna, garin da Ferguson ya ba tuta a 1894. Henderson da Ferguson suka isa Wa a farkon 1897, suka kafa tuta, sannan suka matsa yamma zuwa wani ƙauye mai suna Dokita a ƙasar Lobi, kusa da Buna. Tare da su akwai sojoji kimanin arba'in na rundunar Gwalkwas, wadda a lokacin ake kira rundunar Hausawa, saboda da Hausa ake ba da umurni kuma daga Arewa ake ɗibar yawancin mutanenta.

A ƙarshen watan Maris dubban mayaƙan Samori suka kewaye Dokita. Aka kwana huɗu ana musayar wuta, ruwa da harsashi suka yi ƙaranci, Ferguson ya samu rauni a ƙafa. Da ƙyar suka fasa suka koma Wa, mayaƙan suna biye da su, suka sake kewaye su a can. Henderson ya yanke shawarar ya tafi sansanin Sarankye Mori da kansa don neman sulhu, aka riƙe shi. Sauran sojojin suka fice daga Wa da dare. Ferguson ba ya iya tafiya, ɗaukarsa ake yi, da gudu ya yi gudu sai masu ɗaukarsa suka ajiye shi suka tsere. Mayaƙan Samori suka iske shi. Riwayar da ta fi shahara ta nuna cewa sun nemi ya bi su zuwa wurin shugabansu, ya ƙi, suka harbe shi, suka yanke kansa. Wannan ya faru a ranar 7 ga Afrilu, 1897, yana da shekara 32 a duniya. Kabarinsa yana nan a garin Wa.

Shi kuwa Henderson, an kai shi gaban Samori, wanda ba ya son ya haɗa yaƙi da Ingila da Faransa a lokaci guda, saboda haka ya sake shi ya koma bakin teku. Samori kansa bai daɗe ba, Faransawa suka kama shi a watan Satumba na 1898, ya rasu a tsare a ƙasar Gabon a 1900. Babatu ma, bayan an karya rundunarsa a 1897, ya koma Yendi da zama, a can ya rasu a 1907.

Rabon da aka yi bayan ransa

Ba a Salaga ko Yendi ko Gambaga aka yanke hukunci ba. A ranar 14 ga Yuni, 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu a birnin Paris. Aka ɗauki Baƙin Volta a matsayin iyaka ta yamma, layi na 11 kuma a matsayin iyaka ta arewa, da 'yar karkata ta gabas. Buna da Wagadugu suka tafi hannun Faransa duk da takardun Ferguson, Wa da Gambaga da Bawku suka zauna a hannun Ingila. Da wannan layi aka raba Moshi da 'yan'uwansu Mamprusi, aka kuma ratsa tsakiyar Kusasi da Busanga da Kasena, wasu a nan wasu a can.

A ranar 14 ga Nuwamba, 1899, Ingila da Jamus suka sa hannu a Landan suka raba yankin ba-ruwan-kowa. Abin mamaki, babbar maganar da ke cikin wannan yarjejeniya ita ce ta tsibiran Samowa da ke Tekun Pasifik, waɗanda Ingila ta janye daga gare su. A cikin wannan cinikin aka sa Kogin Daka ya zama iyaka, Salaga ta faɗa wa Ingila, Yendi da Sansanin Mango suka faɗa wa Jamus. Masarautar Dagwamba ta rabu biyu, Ya Na yana ƙarƙashin Jamus, yawancin ƙasarsa ta yamma tana ƙarƙashin Ingila. Ta wajen Bawku ma haka, garin yana ɓangaren Ingila, Pusiga da ke kusa da shi tana ɓangaren Jamus. Bafatake da ya saba gaisar da sarki ɗaya, yanzu sai ya tsaya a tashar haraji ta Bature biyu ko uku. A farkon 1902 dokar da ta mayar da Arewa yankin kariyar Ingila ta fara aiki.

Iyakar gabas ta sake motsawa. A 1914 Ingila da Faransa suka ƙwace Togo daga hannun Jamus, a 1919 suka raba ta, Yendi ta dawo ɓangaren Ingila, Dagwamba ta sake haɗewa. A ƙuri'ar raba gardama ta watan Mayu 1956 Togon Ingila ta zaɓi haɗewa da Gwalkwas, aka samu 'yancin kai tare a ranar 6 ga Maris, 1957. A taron Alƙahira na 1964 shugabannin Afirka suka amince a bar iyakokin da aka gada yadda suke, don gudun yaƙe-yaƙe.

Abin da ya bari

Ra'ayi ya rabu a kan Ferguson. Wasu suna ganin ba don shi ba da Gana ta tsaya a bakin daji, Arewa ta tafi hannun Faransa da Jamus, saboda haka suna lissafa shi cikin waɗanda suka gina taswirar ƙasar. Wasu kuma suna ganin ɗan Afirka ne da ya yi amfani da basirarsa ya buɗe wa mulkin mallaka ƙofa, ya karɓi sa hannun sarakuna a kan abin da ba su san ƙarshensa ba. Duka biyun suna da hujja a cikin takardunsa, waɗanda masanin tarihi Kwame Arhin ya tattara ya buga a shekarar 1974.

Kasa mutane gida biyu da ya yi shi ma ya bar baya da ƙura. A kan irin wannan fahimta Turawa suka gina mulkinsu, suka sa al'ummomi da dama ƙarƙashin manyan sarakuna. Masana tarihi da yawa suna ganin wannan tsari yana cikin tushen rigingimun sarauta da ƙasa da suka biyo baya a Arewa, har da na Bawku, wanda ya fito fili a 1957, kuma duk lokacin da ya tashi 'yan kasuwa da direbobi suna cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu.

A yau abin da Ferguson ya koya a daji ana koyar da shi a aji. Cibiyar Kofi Annan da ke Akra, wadda aka buɗe a 2004, tana horar da sojoji da 'yan sanda da fararen hula a kan kiyaye zaman lafiya. Takardu ma sun ƙaru. A 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince da 'yancin zirga-zirga a tsakaninsu. A 2017 Gana da Togo da Benin da Kodebuwa da Burkina Faso suka ƙulla shirin Akra don haɗa ƙarfi a kan 'yan bindigar da ke gangarowa daga Sahel. A watan Janairu na 2025 kuma Burkina Faso da Mali da Nijar suka fice daga ECOWAS. Ɗan kasuwar da ke tsakanin Bawku da Sinkase da Bitu ya san cewa kowace daga cikin waɗannan takardu a shingen hanya ake gane nauyinta.

Tambayoyin da tarihin wannan bawan Allah ya bar mana su ne waɗanda duk wani madugu zai yi kafin ya amince da alkawari: wa ya sa hannu, wa aka tambaya, me aka ɗaure ni da shi, kuma wa zai zo idan rana ta ɓaci? Sarakunan Yendi da Wagadugu sun samu amsarsu a 1896, shi kansa mai takardun ya samu tasa a bayan garin Wa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa da tarihin wani daga cikin magabata.